Tilmaya Pun da Gidajen da Aka Goge

Shekara ashirin da shida ke nan, da zarar Tilmaya Pun ta tatsi ɓaunarta, sai ta rataya jakar yadi ta gangara ofishin mazaɓar Dandakot. Aikinta rubuta sunaye: wanda aka haifa, wanda ya rasu, wanda ya isa jefa ƙuri'a. A hanya takan wuce teburan shayi biyu, na 'yan jam'iyyar Tulu da na 'yan Zakara. A garinmu ko zaman makoki sai an duba tutar da ke kan rufin gida kafin a je. Ita kuwa takan gaida kowa, ta tambayi lafiyar jikoki, ta wuce.

A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, gwiwoyi sun ƙi hawan dutse. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da muka gani da idonmu.

Shekarar da ƙasa ta zaftare ta cinye hanyar mota, sabuwar rajistar zaɓe ta iso babu sunayen gidaje arba'in da uku na gangaren kogi. Duka 'yan Zakara ne. Ɗan takarar Tulu kuma yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, Khem Pun.

Purna maƙeri ya zo ofis da jama'a a bayansa, idonsa jawur. A garinmu Didi muke ce mata, wato babbar yaya.

"Didi, gwamnatinku ta binne mu da ranmu. To, ranar zaɓe akwatin nan a kogi zai kwana."

"Purna, ni na rubuta sunanka ranar da ka cika sha takwas, har ka ɓata min takarda da baƙin hannunka. Ba ni kwana biyar."

Da yamma Khem ya same ta tana ɗaure tsohuwar rajista a leda.

"Auta, kuskuren na'ura ne, ba naki ba. Yi zamanki."

"Yaya, in ka ci a haka, wa zai ƙara yarda da takardar da na sa wa hannu?"

Kwana biyu ta yi tana tafiya a ƙasa cikin ruwan damina, matsattsaku na shan jinin ƙafarta. A babban ofis aka ce ta dawo wani mako, alhali washegari za a rufe gyara. Ta shimfiɗa rajistarta a kan teburin jami'in, ta ce ba ta tashi sai an duba suna bayan suna. Aka duba. Aka mayar da su.

Khem ya faɗi da ƙuri'a tara. Shekara biyu bai taka gidanta ba, har ranar bikin da 'yan'uwa mata ke shafa wa 'yan'uwansu maza alamar albarka a goshi. Takan jera faranti da furanni, ta zauna jira, daga baya ta kwashe tana share ido. A shekara ta uku ya shigo yana tsuke fuska.

"Shafa min, amma kada in ji maganar zaɓe."

Amfanin wahalarta ya fito a zaɓen da ya biyo baya, da 'yan Zakara suka sha kaye. Matasansu suka ɗauko sanduna suna ihun maguɗi. Purna ya tare su a bakin gada.

"Wa ya zauna gaban akwati daga safe har aka gama ƙirga?"

"Didi Tilmaya."

"To, mun faɗi. Kowa ya koma gida."

Suka koma.

Tilmaya, uwar sunaye, ke ce gwamnatin da yawancinmu muka taɓa gani ido da ido, kuma ba ki taɓa yi mana ƙarya ba. Har yau ba mu san wa kike zaɓa ba. Mun gode, mu 'yan Tulu da 'yan Zakara, wannan kam bakinmu ɗaya.

Ku kuma da ke riƙe da biro da hatimi a ƙananan ofisoshi, ku dubi matar nan da kyau. Wata rana fusatattun mutane za su tambayi wa ya zauna gaban akwati. Ku yi aiki yadda in an ambaci sunanku za su ajiye sanduna.