Kwanukan da Python Bai Mayar Ba

Kwamfutar da na koyi rubuta manhaja a kanta ta girmi kakata, ko kuma dai sa'anni ne. Ta yayana ce. Batirinta ya daɗe da rasuwa, don haka da an ɗauke wuta sai ta bi shi. A unguwarmu ta Bodinga kuwa wuta zuwan dubiya take yi: ta leƙo, ta ce sannu, ta tafi.

Ina aji biyar na sakandare aka ce za a baje kolin ayyukan ɗalibai a Shagari, wanda ya yi fice a ba shi sabuwar kwamfuta. Ita na ƙwallafa wa rai, domin Yaya ya riga ya shelanta cewa da tsohuwar zai koma makaranta. In na rasa, ni da rubuta manhaja sai dai a mafarki.

Malaminmu na kwamfuta ya ara mini na'urar karanta yatsa, ya ce in haɗa abin da zai gane ɗalibi da zarar ya ɗora yatsansa. Ni harshen Python kaɗai na iya. Umarnin da ke sarrafa na'urar kuwa da wani harshe aka rubuta su, mai suna C, aka tara su a abin da ake kira laburare. Dole Python ya riƙa aike wurin C.

"Ki faɗa masa komai dalla-dalla," in ji Malam. "C ba ya canke. In lamba za ki ba shi, ki faɗi irinta da girmanta."

A aiken farko ya dawo mini da lamba mai tsawon hanyar Kajiji. A na biyu ya yi fushi ya rufe komai. Da ƙyar na sasanta su. Ranar da abin ya gane yatsan Inna, da lallenta da komai, na yi ihun da ya sa kajinmu yin hijira. Duk lokacin da wuta ta leƙo sai in gwada, kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

A Shagari ɗakin taron na da sola. Ban taɓa ganin wuta mai zama haka ba. Na kunna tun da hantsi, ɗalibai suka yi layi suna ɗora yatsu, ina ta hura hanci. Alƙalai ba su iso teburina ba sai bayan azahar. Lokacin kwamfutar ta fara nishi kamar jakin da aka labta wa albasar Mandera gaba ɗaya.

Babban alƙalin ya ɗora yatsa. Shiru.

"Ranka ya daɗe, tana tunani ne."

"Ɗiyata, wanga tunani ba ya ƙarewa?"

Sai fuskar kwamfutar ta daskare. Sake kunna ta kuwa, kafin ta farka an dafa wake. Suka yi gaba. Wani yaro da ya haɗa fanka da kwali ya tafi da sabuwar kwamfutata.

A mota Malam ya gano abin. Ya ce duk hoton yatsan da C ya miƙo, a kwanonsa yake zubo shi. Python yana wanke nasa kwanukan ba sai an sa shi ba, amma na C sai ka yi wani aiken daban ka mayar masa. Ni karɓa kawai nake yi, har suka cika ƙwaƙwalwar kwamfutar maƙil.

"To me ya sa a gida bai taɓa yi ba?"

"A gida masu ɗauke wuta ke yi miki wanke-wanke. Kafin kwanukan su taru an kashe, komai ya goge."

Wato wutar kirki ce ta kayar da ni.

Da na ba Inna labari ba ta ko ɗago daga tankaɗe ba. "Mi nike gaya miki kullum kan kwanon maƙwabta?"

Gyaran layi ɗaya ne. Malam ya faɗa mini shi kafin mu shigo gari. Amma washegari Yaya ya saka kwamfutarsa a jaka, na'urar kuma ta koma ofishin Malam. Har yau layin na kaina, na haddace shi fiye da karatun jarrabawa, babu inda zan buga shi. Nakan karanta shi a hanya in Inna ta aike ni mayar da kwano.