Ɗorawar da na gada

A wajenmu gona daban, itacen da ke cikinta daban. Da aka raba gadon mahaifinmu, yayana ya samu gonar bayan gari, ni kuma aka ba ni ɗorawar da ke gefenta. Shi ya yi nomansa, ni in tara kalwata in yi daddawa. Kowa a ƙauyenmu, nan kusa da Zakirai, ya san da haka.

A kan ɗorawar nan shamuwa ke yin sheƙa. Duk shekara in suka sauka sai maza su fara gyaran fartanya, an san ruwa ya kusa. Ko yaro ba ya jifansu.

Shekarar da nake faɗa, damina biyu a jere ba ta yi kyau ba. Rumbu ya ƙare tun da bazara. Maigidana ya tafi cin rani kudu, shiru. Yarana huɗu, rama muke dafawa da ɗan ƙuli, wata rana ma babu ƙulin.

Ana cikin haka wasu ma'aikata masu kula da tsuntsaye da namun daji suka zo a mota. Suka tara maza a ƙofar gidan mai unguwa, mu mata muna ji ta bayan danga. Suka ce shamuwa na raguwa saboda sare itatuwa, suna so gari ya tsaya musu. Suka tambayi mai gonar, aka nuna yayana. Ya dangwala yatsa a takarda, suka shafa wa ɗorawar farin fenti, suka kafa allo. Lokacin ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba, ban san me aka rubuta ba. Ba wanda ya ce musu itacen na mace ne. Ina ga kunyar baƙin suka ji.

Da yayana ya shigo gaishe ni na ce, "Yaya, ashe yau kyauta ka yi da kayan wani."

Ya yi dariya. "Ke dai! Yatsa kawai na ba su, ɗorawarki tana nan."

"To yatsan zan dafa wa yara?"

 Gidansa ma haka yake, ba abin dafawa.

Bayan an yi shuka, kalwar shekarar mun riga mun cinye kuɗinta, sai wani mai sayen itace daga birni ya yi sallama a zaure. Ya riga ya yi tambaya, ya san ɗorawar ta waye. Ya ce zai saye ta buhun gero guda.

Na ce, "Malam, ka bari 'ya'yan shamuwar su yi fiffike tukuna."

Ya ce, "Haba Inna, motar haya ce, ba ta jiran tsuntsu. Ran kasuwa zan wuce."

Kwana uku ina juya maganar. Autata ta daina kuka ma, sai dai ta kwanta a tabarma tana bin mutum da ido. Na aika wa mai sayen itacen ya zo.

Ban je ba. Daga tsakar gida nake jin ƙarar injin. Da la'asar na fita, ɗorawar na kwance a ƙasa, iyayen shamuwar suna ta kewaya sama. Na tsinci 'ya'ya biyu masu sauran rai a cikin ganye, na sa a ƙwarya. Na yi ta ba su fara. Ba su kwana uku ba.

Da ma'aikatan suka dawo, yayana suka tsare a gaban jama'a. Babbansu ya ɗaga takardar, ya ce ga yatsansa, ya ci amana, irinsu ne ke kashe ƙasa. Ina bayan danga, tukunyar tuwo na kan wuta a gida. Yayana ya sunkuyar da kai, ya ce, "A yi haƙuri, ranka ya daɗe." Bai ambaci sunana ba. Cikin mazan ma ba wanda ya tona ni.

Na ɗora hannu a kan danga zan yi magana. Sai na sauke, na koma na tuƙa tuwona.

Har Allah ya karɓi ransa bai taɓa ɗago min zancen ba, ni ma ban taɓa ba shi haƙuri ba.