Neman Sandar Giyar Yaya

Mun tashi da asuba daga Gumel, ni da yayana da bakaniken unguwarmu, ƙasa na ta ƙamshin ruwan da aka kwana yi. Motar haya muka hau, abin da Yaya ya tsana, shi da ya tsufa a kan sitiyari. Tun da ƙafarsa ta hagu ta shanye bara ya kasa taka kuloci, a-kori-kurarsa ta zama makwancin kaji. Bakanike ya ciro giyar nan mai canja kanta daga wata matacciyar motar Amurka ya ɗaura mata. Saura sandar da za a kafa a ƙasa, gefen direba. Yaya ya ce in ba a samu ba, sayar da motar zai yi ya koma zaman dakali.

Da Gagarawa Tasha muka fara. Gero ya kai ƙugu, kore shar har iyakar gani, ni kuwa ina ta gyangyaɗi, gonaki na shiga mini mafarki suna fita. Sandar da aka kwatanta mana a can doguwa ce kamar muciya, kuma ba ta da makulli. Bakanike ya ce gwiwa na gogarta za ta faɗa ribas. Muka huce haushi da fura. Jirgin ƙasa mai zuwa Nguru ya wuce yana kuka, Yaya ya bi shi da ido har hayaƙin ya baje.

Alhamis ta same mu a kasuwar Maigatari. Raƙuma sun durƙusa da kanwa, Buzaye na dafa shayi kamar duniya ba ta sauri, dabino kuwa araha har ka ji kunyar tayawa. Wani ɗan Damagaram mai kayan mota, wanda ke ce wa giya "buwat", ya zaro mana sanda mai walƙiya, da maɓalli a gefen kanta, sai ka danna take motsi. Ni dai ta tafi da imanina. Har na hango mu muna shiga gari da ita, jama'a na leƙe.

Yaya ya zauna a buhu, ya kafa ta cikin rairayi ta hagunsa, ya lumshe ido ya kama. Ya daɗe a haka.

"Malam, wannan ta masu sitiyari a hagu ce," in ji shi. "Tawa tun kafin canjin hannu take, sitiyarinta a dama yake. Ga maɓallin nan ya faɗo a ƙaramin yatsana."

Mai kayan ya yi dariya. "To Alhaji, ƙasarku ma ta canja hannu, kai ma ka canja mana."

"Ƙafa na riga na bayar. Ba na ƙarawa da hannu."

Na ji kunya, na kuma ji tausayinsa.

A Sule Tankarkar muka dace. Bayan kasuwa, ƙarƙashin wani gawo, akwai gawar motar masu haƙar rijiya, ciyawa ta tsiro a cikinta. Sandarta gajera ce, ta yi tsatsa, awaki sun cinye robarta, amma maɓallin a tsakar kai yake, kowane hannu ya zo daidai ne. Yaya ya danna, ta ce ƙas. Sai ya miƙa wa bakanike sifana.

Tafiyar nan ta koya mini cewa mai kallo ba ya zaɓar wa mai riƙo. Da muka dawo Gumel aka kafa sandar, Yaya ya shiga da la'asar, ni a gefensa. Muka ɗauki hanya, motar ta canja giya da kanta.

"Ji ta," ya ce, "ko shawara ba ta yi da ni ba."

Dariya yake, amma idonsa ya cika da ƙwalla. Muka zagayo ta unguwarmu, na ga bai rage wuta ba.

"Yaya, ga gida fa."

"Na gan shi," ya ce, ya ƙara mai.