Kawu Dakta da Kalmar "Wai"

Ku da kuka zauna da Kawu Dakta Sale kun sani: ka taka masa ƙafa zai yafe, amma kada ka kuskura ka fara masa magana da "wai". Nan take zai sauke tabarau zuwa ƙarshen hanci ya ce, "Wai ɗin nan ɗan gidan wa ne? A kira min shi." Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a jami'a yana bincike kan ta'addanci da kisan ƙare dangi, kuma abin da ya dawo mana da shi Kazaure bayan ritaya guda ne: duk kisan da ya karanta, da "wai" aka fara shi kafin a wasa wuƙa.

Matarsa Gwaggo Habi ce ta fi shan wuya. Wata rana ta ce, "Malam, wai an ga baƙin mutane a kan dutse."

"Wa ya gan su?"

"Mutane."

"Habi, mutanen ba a yanka musu ragon suna ba?"

Ya hau tsohon babur ɗinsa, sai bayan la'asar ya dawo. "Na gan su. Masu fasa dutse ne, suna gaishe ki." Gwaggo ta ce to, wai tuwonsa ya huce. Wallahi sai da ya buɗe kwano ya taɓa sannan ya yarda!

Ni ma ɗan ƙanwarsa ban tsira ba. Na kai masa kundin digirina kan tsaro a ƙauyuka, ya bi shi da jan biro yana soke duk "wai" da "an ce". Da ya dawo da shi, sunana kaɗai ya rage da rai. "Shi ma," in ji shi, "don ina wurin aka raɗa maka ne."

Dariya muke yi masa har ranar da maganar Buba ta taso. Buba makiyayi ne, a rugarsu da ke bayan Gwiwa aka haifi kakansa. 'Yan sintirin ƙauyen suka ba shi zuwa ranar kasuwa ya kwashe iyalinsa da shanunsa ya bar yankin, wai yana kai wa 'yan bindiga rahoto. Lokacin gwiwoyin Kawu sun ƙi tafiya, amma ya ce in goya shi a babur.

Shugaban sintirin, Ɗan'azumi, ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ai kowa ya sani."

"Madalla. Kai ni wurin kowa."

Kwana uku muna bin maganar nan a baya-baya. Ɗan'azumi daga mai shayi ya ji, mai shayi daga ɗan acaɓa, shi kuma daga wani mahauci a Roni. Na ce, "Kawu, ƙafarka ta kumbura fa." Ya ce, "Ita ba a ce ta tashi daga gidan ubanta ba. Ja mu je."

Ƙarshen igiyar ya tsaya a gaban Iya Hanne mai fura. Ta dafe ƙirji. "Ni? La'ilaha illallahu! Cewa na yi, 'Wai wa Buba yake kira kullum a kan dutse?' Tambaya na yi, 'yan nan!"

Kawu ya sa aka hau dutsen da Buba da 'yan sintirin, domin nan kaɗai waya ke kamawa. Ya ce Buba ya kira lambar da ya saba kira ya buɗe murya. Sai ga muryar tsohuwarsa daga gadon asibiti: "Buba, ka sayo maganin ne, ko sai na mutu za ka kawo?"

Ɗan'azumi ya hau sosa ƙeya. Iya Hanne ta damo fura, Kawu ya ce ba ya sha sai an wanke Buba a inda aka ɓata shi. Ranar kasuwa Ɗan'azumi ya karɓi lasifikar mai maganin gargajiya ya ba da haƙuri, Kawu na tsaye yana gyara masa nahawu.

Ranar jana'izar Kawu, Buba da Ɗan'azumi ne suka riƙe gaban makara, ba wanda ya yarda a karɓe shi har maƙabarta. Hayaƙin rugar nan yana tashi har yau. Allah Ka jiƙan Kawu, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba Gwaggo Habi haƙurin shirun da ya bar mata a gida. Amin.