Gonar Bakin Hanya

Garinmu, Tungar Marke, yana tsakanin Morai da Faru, a kan wani tudu mai jar ƙasa. Hanyar da fatake ke koro shanu daga Maradun zuwa kasuwar Mafara ta gabansa ta bi. Bayan garin akwai dutse, bayan dutsen kuma fadama ce mai baƙar ƙasa wadda ke shan ruwan gulbi, amma mai tafiya a kan hanya ba ya hango ta. Abin da yake gani kawai wata gona ce a bakin hanya, wadda ake shukawa kowace damina ba a nome ta. Ciyawa da ƙuduji su cinye geron, kowa ya wuce kamar bai gani ba.

In ɗari ya shigo, an gama kai amfanin gona rumbu, ɗakin kakata Inna Hajo muke taruwa bayan isha'i. Ta hura wuta da karan dawa, ta tura mana gujiya cikin toka, tana kaɗi tana hararar ƙofa. Tsohuwar nan ba ta yarda da kowa ba. In baƙo ya daɗe yana gaisuwa a zaure, sai ta ce, "Wagga gaisuwa ta yi yawa, akwai abin da shika biɗa." Ni take kira mijinta, ni kuma ta fi zargi in gujiya ta ragu. "Miji ɓarawo! Buɗe hannu in gani."

Tatsuniyoyin kura da dila mun sha su har mun haddace. Amma akwai labari guda wanda in za ta fara shi sai ta aje mazari. "Ku bar dariya," in ji ta, "wanga ba tatsuniya ba ta. Labarin ubana na, wanda ban taɓa sa ma ido ba."

Ta ce tun Turawa ba su zo ba, zamanin da ake kai gaisuwa Sakkwato, mahara kan sauko daga arewa bayan kaka, su kwashe hatsi, su kama mutane. Saboda su kakanninmu suka bar bakin gulbi suka hau tudu, suka ɓoye rumbunansu bayan dutse. Gonar bakin hanya kuwa da gangan ake barin ta ta lalace, don duk wanda ya wuce ya ce, "Waɗannan matsiyata ko abin da za su ci ba su da." Ba a gaya wa baƙo wannan, ko da ya shekara.

Sai ga wani saurayi daga Bakura, sunansa Arzika. Manomi ne na gaske, mai hannu. Aka ba shi masauki, aka ba shi mata 'yar garin, har ta haifi Inna Hajo. Aka nuna masa fadama, amma dalilin gonar bakin hanya ba wanda ya buɗe baki ya faɗa masa. Shi kuwa kullum ya wuce ta sai ransa ya ɓaci. Ya tambayi surukinsa, tsohon ya ce, "Ƙasar ce ba ta da kyau." Arzika ya damƙi ƙasar ya duba, ya ga lafiyarta lau. Sai ya ɗauko kalme ya nome ta, ya zuba mata taki.

Kai! Gero ya tashi ya fi mutum tsawo, a bakin hanya, kowa na gani. Ran nan wani falken shanu ya tsaya, suka gaisa da Arzika gaisuwa mai tsawo, yana nuna geron da sanda yana yabo. Mata na leƙe ta darni.

Daga nan magana ta fara yawo. Don me yake zuwa Mafara kowace Talata? Wa ya san danginsa a Bakura? Wannan falke, ina ya san shi har da dariya? Wani ya ce geron alama ce ya kafa wa mahara. Wani ya ce ya gan shi yana ƙirga rumbuna da ido. Dattawa suka zauna, ba su kira shi sun tambaye shi ba, don tambayar kanta za ta tona asirin. Suka sa aka sare geron ɗanye, suka ce ya bar garin kafin kaka. Matarsa kuwa aka ce ta san asirin gari, ita da jaririyar ba inda za su.

Mukan yi caa a kanta. "Inna, to da gaske ɗan leƙen asiri ne?"

Sai ta tura itace cikin wuta. "Mahara ba su zo ba wannan shekara. Daga baya sunka zo. Ruwa dai ba shi tsami banza." Can kuma ta ce a hankali, "Amma uwata har ta mutu cewa takai ƙarya anka yi mai." Na lura ba ta taɓa tsayawa a gefe guda ba. Tana so a ce ubanta mutumin kirki ne, tana kuma tsoron ta yarda. Ina yaro abin yakan ba ni haushi, yanzu tausayinta nake ji.

Ta rasu ba ta sani ba. Na girma na shiga fataucin albasa, wata rana harka ta kai ni Bakura. Na yi ta tambaya har aka haɗa ni da wani dattijo, jikan Arzika ta wajen matar da ya aura daga baya. Da na faɗi sunan garinmu sai fuskarsa ta canza, ya janye tabarmarsa kaɗan.

"Ku ne mutanen gonar nan?" in ji shi. "Kakanmu ya ce kun haɗa baki da mahara. Gonar da kuke bari alama ce tsakaninku, don su wuce ku su faɗa wa wasu. Da ya nome ta ya ɓata muku shiri, kuka kore shi, kuka riƙe masa ɗiya."

Mu muna can muna zarginsa, shi yana nan yana zarginmu, a kan gona guda. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, to wannan ko gaskiyar bai zama ba. Mahara sun daɗe da ƙarewa, amma da na zo faɗin dalilin sai na ji harshena ya yi nauyi, kamar Inna Hajo na hararata. Na daure na gaya masa duka, da dutsen, da fadamar, da rumbunan.

Dattijon ya daɗe yana kallona.

"Shi ke nan? Wannan ce maganar da aka kasa gaya masa?"

Na ce ita ce, Baba.

Ya share ido da bakin rawaninsa. "Har kakanmu ya tsufa, in an yi ruwan shuka sai ya bar abinci ya zauna yana kallon hanyar garinku. Kullum maganarsa guda: ko wa ke noma wa yarinyar nan abin da za ta ci."