Ranar da Na Yanke Salansar Motata

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da wata malamar makaranta ta zaunar da ni a gaban abokan sana'ata. Lokacin ina dillancin motoci a Gombe, kuma muna da wata ɗabi'a. Kafin mu sayar da mota sai mu kai ta wajen mai walda ya yanke salansa, ya zaro wani abu mai kama da saƙar zuma da makanikai ke kira indomi, ya liƙe wajen. Akwai masu sayensa da tsada. Ban taɓa tambayar amfaninsa ba.

Na sayar wa wannan malama mota, 'yar Billiri ce mai koyar da kimiyya, tana zaune a Tumfure. Kwana uku sai ga ta da rana tsaka muna cin abinci a rumfa. Ta juyo da bayan motar saitinmu, ta fito ta bar injin a kunne. Wari ya cika rumfar.

Ta ce, "Alhaji, ina indomin motata?"

Ko gezau ban yi ba. Na ce, "Ai Malama tsufa ne. Zafi ya cinye shi."

Ta yi murmushi. Ta ce ƙarafan da ke ciki, irin su filatinom, ba sa ƙarewa a aikin. Hayaƙi mai guba da iska su sauka a kansu, ƙarafan su riƙe su har su haɗu, su sake su da sauƙin illa, su kuma ƙarafan suna nan yadda suke. "Kamar kai ne. Ka haɗa mai saye da mai sayarwa. Ka taɓa ganin dillalin da ciniki ya cinye?"

Sai ta nuna sabuwar waldar da tsinin takalminta, ta ja benci ta zauna. Ta ce tankinta cike yake, kuma yau ba ta da aji.

Abokaina suna tari suna dariya, masu zuwa duba motoci sun fara tsayawa kallo. Sunana ne ke ƙonewa. Nata indomin kuwa tuni ya bar gari. Motar hawata irin tata ce, don haka ina tsaye mai walda ya yanke nawa ya sa mata.

Wata biyu ina shaƙar warin nan daga motata har gida. A nan na koyi cewa abin da ban san aikinsa ba, ba na cire shi, balle in yi wa wanda ya sani ƙarya a kansa.