Fentin Ɗakin Inna

Shekarar da muka tare a sabon gidanmu na Tirwun na kamu da son wani launi. Shunayya ne, amma ba mai ɗaukar ido ba. Kamar ruwan malmo yake da aka sirka da toka, ya kwanta, ya yi sanyi. Shi na sa aka shafa wa falona. Tagogin falon manya ne, rana na shigowa tun da hantsi, don haka duk wadda ta zo ganin gida sai ta tsaya kallon bango kafin ta zauna. Yabon nan ya shiga kaina sosai.

Mahaifiyarmu, da muke kira Inna, tana can gidan da aka haife mu a Ƙofar Wambai, tare da yayana da matarsa. Ɗakinta tsohon ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, da 'yar taga guda ɗaya can sama kusa da rufi. Tun muna yara farar ƙasa ake shafa wa bangon duk shekara kafin azumi. A ɗakin take ɗinkin hula. Ba don ta rasa ci ko sha ba, hannunta ne ba ya iya zama haka kawai. Wuri ɗaya take zama, bakin gado, ta yi ta soka allura har la'asar. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa nan ɗin ta zaɓa ba.

Ana nan sai ƙanwarta da ke Miri ta kwanta rashin lafiya, Inna ta tafi jinya. Na ga dama ta samu. Na je gida da mai fenti da bokitai a bayan mota.

Yaya ya tare ni a zaure. "Kin gaya mata?"

"In na gaya mata ai cewa za ta yi a bari. So nake ta dawo kawai ta gani."

Ya ce, "To, ke da uwarki."

Aka kankare farar ƙasar, aka shafa fentin har sau biyu. Na ƙara da labule mai kauri irin launin, na rataya a ƙofa. Da yamma na tsaya ina kallon ɗakin, ya zama kamar na amarya.

Ranar da Inna ta dawo ina nan ina jira. Ta ɗaga labulen ta tsaya a bakin ƙofa, ƙullin kayanta a hannu. Ta jima ba ta shiga ba.

"Irin na falona ne, Inna," na ce.

"Na gani," ta ce. "Ya yi kyau. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki."

Na koma Tirwun zuciyata fari ƙal.

Bayan nan duk Juma'ar da na je sai in tarar da ita a waje, kan tabarma, gefen madafa, hular a cinya, hayaƙi na bi ta kanta. Lokacin bazara ne, na ɗauka zafi ne ya koro ta. Har damina ta sauka ban canza tunani ba. Wata rana na iso ana yayyafi, na same ta ta raɓe a ƙarƙashin 'yar rumfar kwanon da ke ƙofar ɗakin, feshin ruwa ya jiƙa mata gefen zane, tana kare hular da mayafi.

Na shiga madafa wurin matar Yaya, na ce me ya sa suka bar tsohuwa cikin ruwa.

Ta ci gaba da tuƙa tuwonta, ba ta dube ni ba. "Ta hana mu gaya miki. Tun da aka yi fentin nan ba ta ƙara ɗinki a ciki ba. Ta ce ba ta ganin zare."

Na fito na shiga ɗakin. Azahar ce, amma ciki kamar an kusa magariba. Na zauna a bakin gadon, daidai wurinta. Sai a lokacin na gane: da can hasken 'yar tagar nan yana dukan farin bangon ne ya dawo mata kan cinya. Yanzu bangon shanye shi yake yi. Na ɗauki allura a kan matashi na gwada zura zare. Ni da nake da idon ƙuruciya sai da na matso bakin ƙofa.

Na durƙusa gabanta. "Inna, me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"In ce miki me? Da zuciya ɗaya kika yi."

"Gobe zan kawo mai fentin ya mayar da shi fari."

"A'a." Ta ajiye hular. "Babu wadda ba ta shigo ta gani ba a layin nan. Na ce musu 'yata ce ta yi min, irin na gidanta. Yanzu kuma su ga an goge, in ce musu me? Ki bar min abina."

Na roƙe ta ranar, na sake roƙonta wani makon. Yaya ma ya sa baki. Ba ta yarda ba. Iyakar abin da ta bari shi ne a cire labulen, Yaya kuma ya sa mata ƙwan lantarki mai haske a saman gado. In akwai wuta takan ɗan taɓa ɗinkin a ciki. In babu, sai waje.

Sanyin daminar nan ya kama mata gwiwa, ɗinkin ya yi ta ja baya. Takan ce dama idon ya fara tafiya tun kafin fenti, shekaru ne. Wataƙila gaskiya ne. Wataƙila kuma don ni take faɗa. Ban san wanne ba ne, kuma ba ta da niyyar sanar da ni.

Har yanzu ɗakin yana nan da launinsa. Ranar Juma'a in na je, bayan mun gaisa, takan miƙo min gwangwanin zarenta. In zauna kusa da ita a tabarma in zura mata allurai, kowace da launin zarenta, in jera su a jikin matashi yadda za su kai ta mako. Tana zaune tana ba ni labarin unguwa, ni kuma ina zurawa.